Kod ɗin Tonton

A wurin aikinmu ana ce mini marowaciya, kuma na ji na karɓa. Ba rowar abinci ba ce, don wanda ya tarar ina cin dambu da kopto hannu kawai zai wanke. Abin da ake nufi shi ne ba na ba kowa kod ɗina, wato kalmar sirrin da nake shiga na'urori da ita. Ko darekta ya tambaya, haƙuri nake ba shi. Wasu suna cewa girman kai ne, wasu suna cewa boko ne ya yi mini yawa. Su faɗi abin da suka ga dama. Yawancin masu faɗar ba su nan lokacin da aka kori Tonton, waɗanda suke nan kuwa Allah ya hore musu mantuwa.

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna sayar da intanet a Yamai ga shaguna a Babbar Kasuwa, da biro-biro, wato ofisoshi, a Kalley, da wasu makarantu, da wani gidan likita mai zaman kansa. Ni ina cikin masu tsaron rezo, wato layukan intanet ɗin. Aikinmu mu zauna a ɗaki mai sanyi gaban allo, mu ga layin wa ya faɗi, na wa ya cushe, mu gyara kafin mai shi ya kira ya wanke mu tas. Mutane suna zaton intanet wata iska ce da ke yawo a sama. Wayoyi ne a cikin rami, da akwatuna a cikin ɗaki, da mutane masu zufa a kan tsani. In komai yana tafiya daidai, babu wanda ya san muna duniya. Ya tsaya minti biyar, har mai auna atamfa a kasuwa sai ya koya mana aikinmu.

Tonton dattijo ne mutumin Dogonduci, Kirista, gajere, mai furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare. Kowa Tonton yake ce masa, har darekta. Shi ne ma'aikacin farko a kamfanin. Shi ya hau rufi ya kafa eriyar farko, darekta yana ƙasa yana riƙe masa tsani. Ranar da aka sayo babbar na'urar da ke rarraba wa kowa layinsa, shi ya kunna ta, ya buɗe mashiga guda ɗaya da sunansa, ya sa sunan mahaifiyarsa a matsayin kod. A lokacin shi kaɗai ne, to wa zai ɓoye wa?

Da aka ɗauki ma'aikaci na biyu, ya buƙaci shiga na'ura, Tonton ya ba shi nasa. Na uku ya zo, na biyu ya faɗa masa. Da na zo muka zama mu tara, kuma dukanmu da sunan Tonton muke shiga, da sunan tsohuwarsa muke buɗewa. Ranar da na fara aiki, tare da kofin shayi aka miƙo mini shi a rubuce a bayan wata takardar birodi. Darekta ma yana da shi a ƙarƙashin gilashin teburinsa, kusa da hoton ƴaƴansa. Direban kamfani bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, amma na rantse ya san shi.

Ni da na fito daga makaranta da zafina, na san wannan ba daidai ba ne. An koya mana kowa ya riƙe mashigarsa, don in abu ya lalace a san hannun wa. Wata rana na tambayi Tonton me ya sa bai canza ba. Ya yi dariya ya gyara zaren tabarau.

"Ɗiyata, na taɓa gwadawa. Na buɗe ma kowa nashi, na canza nawa. Sati guda wani bai gaishe ni ba. Wani ya ce mani, wato ɓarayi ka ɗauke mu? Darekta ya kira ni ya ce, Tonton, nan gida guda muke, mi ya kawo ɓoye-ɓoye? Sai na maida masu abinsu."

Haka abin yake a wurinmu. Mutumin da kuke cin abinci kwano ɗaya, ka je sunan ɗansa, ya zo ta'aziyyar kakarka, ya miƙo hannu ya ce ba ni kod, ka ce a'a? Kunya ba za ta bar ka ba. Mun ɗauki kod kamar ashana, wanda ya nema a ba shi. Ni ma na bi sahu, na saba, har yatsuna suna rubuta sunan matar nan ba tare da na yi tunani ba.

Tonton ne ya koya mini aiki na gaske. Na'urar tana da rajista, duk wanda ya shiga ya taɓa wani abu sai ta rubuta: lokaci, da sunan da aka shiga da shi, da abin da aka yi, sannan can ƙarshen layi adireshin kwamfutar da aka zauna aka yi aikin. Ya sa ni na haddace adireshin kowace kwamfuta ta gidan. Yakan buga allo da bayan alƙalami ya ce, "Kada ki tsaya ga suna, duk sunana ne. Ki tahi ƙarshen layi. Nan ne ake sanin wanda ya zamna." Ya faɗa mini wannan ya fi sau ashirin, har nakan riga shi ƙarasawa don in tsokane shi.

Akwai wata al'ada kuma da kowa ya ji daɗinta. Ranar Juma'a, in rana ta take, maza duk su tafi masallaci, Tonton ya tsaya ya tsare rezo. Ranar salla ma shi ne. Mu kuma mu riƙe masa Lahadi da Kirsimeti. Shekara da shekaru haka ake yi, babu takarda, babu rigima. Ni da yake mace ce ina yin sallata a biro, don haka Juma'a mu biyu ne a ɗakin, ni da shi.

Sai aka kawo mana Shef, sabon shugaban sashen fasaha. Yana da ilimi, ba zan ci haƙƙinsa ba, takardunsa sun fi na kowa. Amma mutum ne mai gaggawa, wanda in yana magana da kai ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita ƙofa. Ƙa'idar aikinmu ita ce ba a taɓa babbar na'ura da tsakar rana lokacin da kowa ke kan layi, kuma ba a taɓa ta sai an ajiye kwafin tsarinta, don in an yi kuskure a mayar da na da. Shef ya san wannan sarai, har a taro yakan tuna mana.

Wata Juma'a cikin bazara, ana zafin nan da ko kwalta tana laushi, ina zaune da Tonton sai muka ga allo ya fara ja. Layi ɗaya, biyu, goma, sai gaba ɗaya. Ba a fi minti uku ba da na ji ƙofar biron Shef ta buga, na hango shi ta taga da darduma a kafaɗa yana sauri zuwa mota. Tonton ya shiga na'ura ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. An shafe tsarin da ke nuna layin wa zai bi ina. Kwafi kuma babu.

Tarho ya fara ruri. Masu shaguna ba su tsaya ga kira ba, suka hau kabu-kabu suka zo da kansu suka cika mana ƙofa. Daga gidan likitan nan wata nas ta kira sau shida, ta ce suna da sakamakon gwajin da za su aika wa likita a wani gari, mara lafiya yana kwance yana jira. Tonton ya fito da wani tsohon littafinsa mai bangon baƙi, ya zauna yana sake gina komai layi bayan layi, rabi daga littafin, rabi daga kansa. Na gidan likita ya fara tayarwa. Sauran ba su gama dawowa ba sai Asabar da la'asar. Shef yana ta kai da komo a bayanmu yana cewa a yi sauri.

A ranar Asabar ɗin, da hankali ya ɗan kwanta, na buɗe rajista. Ga lokacin, ana dab da tafiya masallaci. Ga sunan Tonton, kamar kullum. Na tafi ƙarshen layi kamar yadda aka koya mini. Adireshin kwamfutar da ke kan teburin Shef ne. Ya so ya gyara wani abu kafin ya fita, ya danna, ya ɗauki darduma, bai ma tsaya ya ga abin da ya biyo baya ba. Na duba sau uku, sannan na rufe na yi shiru.

Litinin da safe darekta ya tara mu. Kafin taron an riga an ce wa Tonton kada ya taɓa kwamfuta sai an gama bincike. Shef ya raba mana takarda, ya ce ga abin da rajista ta nuna. Takardar tana da lokaci, tana da suna, tana da abin da aka yi. Ƙarshen layi babu, an yanke shi tsaf. Ya ce kowa ya san ranar Juma'a a wannan lokaci wane ne ke tsaron rezo, shi dai yana masallaci, mutane sun gan shi.

Tonton ya ce, "Ba ni ba ne. A hiddo rajistar duka a gani."

Shef ya ce, "Ita ce wannan a hannunka, Tonton."

Darekta ya ce, "To in ba kai ba ne, wa ka ba kod ɗinka?"

"Kowa, ranka shi daɗe. Har kai."

Nan ne darekta ya yi abin da har yau ban manta ba. Ya jawo wata takardar dokokin aiki da ban taɓa ganin an buɗe ba, ya karanta inda aka ce ma'aikaci ba ya ba wani kalmarsa ta sirri. Ya ce ko Tonton ne ya yi ko ba shi ba, laifin yana kansa, tunda shi ya raba. Yana wannan karatu, gwiwar hannunsa tana kan gilashin da kod ɗin yake ƙarƙashinsa. Mu tara muna zaune, kowa da safiyar nan da sunan tsohuwar mutumin ya buɗe kwamfutarsa, babu wanda ya yi tari.

Sannan darekta ya waiwayo ya ce, "Akwai wanda ya duba ya ga wani abu daban?"

Tonton ya dube ni, sau ɗaya, bai daɗe ba. Ni kuwa na dubi lallen hannuna.

Ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro ne. Kwantiragina na wata shida ne, saura sati uku ya ƙare, kuma Shef ne zai sa hannu a tabbatar da ni. Mahaifiyata a Maradi ta gama gaya wa unguwa ɗiyarta tana aikin kwamfuta a Yamai. Na ce wa raina ai Tonton babba ne, darekta ba zai iya korar wanda ya riƙe wa tsani ba, faɗa kawai za a yi a wuce. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na sani tun ina zaune a kujerar.

A ƙarshen satin aka sallame shi. An ce an yi masa sutura, ba a rubuta kora ba, an rubuta ya ajiye aiki. Ya ɗauki hularsa da butar shayinsa da ƴar filayar da yake matse kan waya da ita, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama. Da ya zo kaina ya ce, "Ɗiyata, ki riƙe aiki da kyau." Na ce to. Bayan sati uku Shef ya sa mini hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne washegarin tafiyarsa. Na zauna, na kunna kwamfuta, yatsuna suka rubuta sunansa, suka rubuta sunan mahaifiyarsa, na'ura ta buɗe. Na waiwaya, kowa haka ya yi. An kori mutum saboda ya raba kod, kuma ba a canza kod ɗin ba! Na yi wa Shef magana, ya ce za a yi, ba yanzu ba, abubuwa da yawa suna rataye da shi. Na yi wa wani abokin aiki magana, ya ce, "Ke dai kin cika tsirfa, ai kowa ya saba da wannan." Wata huɗu rajista tana rubuta cewa Tonton yana aiki safe da yamma, alhali yana can bakin Babbar Kasuwa ya kafa tebur ƙarƙashin wata rumfa yana gyaran salula.

Cikin damina, wata Talata da hantsi, allo ya sake yin ja. Wannan karon awa biyu ne kawai, don tun bayan wancan na riƙa ajiye kwafi kullum ba tare da an sa ni ba. Na mayar da tsarin, layuka suka tashi. Na buɗe rajista na tafi ƙarshen layi. Kwamfutar Shef ce kuma.

Ban gama rufe baki ba aka kira taro. Shef ya shigo da takardarsa mai yankakken gefe, ya ce abin da yake tsoro ya faru: Tonton yana shigowa daga waje yana yi mana ɓarna don ramuwa, ga sunansa nan ƙiri-ƙiri. Darekta ya buga tebur, ya ce alheri bai karɓi mutumin nan ba. Ya ce a rubuta ƙara yanzu, direba ya kai komisariya wurin ƴan sanda, a je kasuwa a ɗauko shi. Dattijo mai hawan jini, a zo a ɗaga shi daga teburinsa gaban ƴan kasuwa, a tura shi bayan mota, saboda wani ya kasa cewa na yi kuskure.

Na miƙe ban nemi izini ba. Na koma ɗakinmu, na buga rajistar ranar nan da ta waccan Juma'ar, cikakku, har ƙarshen layi. Takarda ta maƙale a inji, na fizgo ta. Na dawo na ajiye su gaban darekta, na sa yatsa.

"Wannan lambar ta ƙarshe, ranka ya daɗe, adireshin kwamfutar da aka yi aikin ne. Ba daga waje ba ne. Daga cikin gidan nan ne, duka biyun. A je a duba kwamfutar Shef a ga lambarta."

Shef ya ce ni yarinya ce, ban fahimci abin da nake karantawa ba. Na ce to a kira wanda ya fahimta daga ko'ina, ni zan jira. Na ce a ɗaga gilashin teburin nan kuma a ga abin da ke ƙarƙashi. Muryata ta hau fiye da yadda ya kamata, na sani, wani yana ta ja mini gefen mayafi. Darekta ya daɗe yana kallon takardun. Da ya ɗago, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ta Juma'ar nan, yaushe kika gan ta?"

Na ce, "Tun washegari."

Ya mayar da idonsa kan takardun, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a kai ƙara ba. Shef ma ba abin da ya same shi, shi da darekta sun shiga biro su biyu sun rufe ƙofa, suka fito aka ce magana ta wuce, a koma aiki. Tonton kuma ba a kira shi ba. Da na tambaya, darekta ya ce abin da ya wuce ya wuce, dawo da shi zai kawo surutu. Wato surutu ne abin gudu, mutumin da aka zubar wa mutunci a banza ba komai ba ne.

Da aka tashi aiki na shiga taksi zuwa Babbar Kasuwa. An yi ruwa, ƙasa duk caɓi. Na same shi a rumfarsa, ya sunkuya kan wata salula a buɗe, ƴan sukurori jere a cikin murfin kwalba. Ya ga ni ya washe baki, ya kore wani daga benci ya ce in zauna. Ya tambayi mutanen biro ɗaya bayan ɗaya, har Shef. Na ba shi labarin abin da ya faru, yana ji yana aikinsa. Sai na zo wurin da na zo dominsa.

"Tonton, waccan ranar da darekta ya tambaya, na riga na duba. Na san ba kai ba ne. Na yi shiru."

Bai ɗago ba. Ya ɗauki wani ɗan sukuro da bakin abin ɗaurewa, ya sa shi a raminsa, ya murza.

"Na sani, ɗiyata. Ni na koya maki inda ake dubawa. Ranar Asabar ɗin ina bayanki sa'ad da kika buɗe."

Wata huɗu yana sane. Da wannan sanin ya tsaya gabana ya ce in riƙe aiki da kyau. Na so ya yi mini faɗa, ya ce na ci amanarsa, in samu abin da zan yi kuka a kai. Bai ba ni ba. Ya rufe bayan salular, ya kunna ta, ya jira ta kawo haske, ya ajiye gefe. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Abu guda nika roƙo. Har yanzu da sunan tsohuwata kuke shiga?"

Na ce e.

"Ku hidda shi. Ta rasu watan jiya. Ban so ana ta buga sunanta hakanan."

Babu wanda ya sani a biro, babu wanda ya je masa gaisuwa. Ranar da aka binne ta ma mu tara mun rubuta sunanta da safe, mun sha shayinmu.

Washegari na riga kowa zuwa. Na buɗe wa kowane ma'aikaci mashigarsa da sunansa, har Shef, har darekta, na rufe ta Tonton. Ban tambayi kowa ba. Kafin ƙarfe tara sun yi layi a bakin teburina, kowa yana cewa kod ya ƙi. Na miƙa wa kowa nasa a ninke. Wani ya duba takardarsa ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai ba ya haddacuwa, in ara masa nawa kawai ya gama wani ɗan aiki. Na ce a'a. Ya ce, "Wato ɓarayi kika ɗauke mu?" Na ce ya ɗauka yadda ya so. Ya yi sati biyu bai gaishe ni ba, ni ma ban neme shi ba.